Matar da Ke Jin Cokali Ba Ta Jin Mijinta

A asibitin kowa Anti Kunne yake kiranta, tun daga masu shara har manyan likitoci. Ita ba likita ba ce, ma'aikaciyar gwajin ji ce. Duk wanda ya ce kunnensa ya yi nauyi wurinta ake turo shi, ta sa masa abin saurare, ta kunna masa sautuka manya da ƙanana har ta gano inda jinsa ya tsaya. In na'urar ƙara ji ce za ta taimake shi, ita ke daidaita masa. Ofishinta yana can ƙarshen baranda, bayan ɗakin wanki. A cikinsa akwai wani ɗan ɗaki kamar akwati, bangonsa lulluɓe da soso, ƙofarsa da nauyi. In ka shiga ka rufe, ba abin da za ka ji sai numfashinka.

Ta daɗe a aikin, har wasu da ta gwada suna goye a bayan iyayensu yanzu su ke kawo mata nasu 'ya'yan. Abin da ke damunta ɗaya ne, ba ta da wanda za ta tambaya. Dattijon da ya koya mata aikin ya yi ritaya, ya koma can wajen 'ya'yansa. In wani abu ya shige mata duhu, sai dai ta jawo tsofaffin littattafanta, waɗanda duk sun girmi autarta.

Da ta ji labarin wata jami'a a wata ƙasa mai nisa da ke ba da digirin digirgir ta intanet ga masu irin aikinta, ba tare da sun bar aiki ko gida ba, sai ta kai maganar wurin mijinta. Tsohon direban babbar mota ne, da ya gaji da dogon zango ya koma koya wa mutane tuƙi.

Ya dube ta ya ce, "Da furfurarki za ki koma aji?"

"Ajin ne zai zo wurina."

"To madalla. Ni dai in kin yi rashin ji kar a kira ni taron iyayen yara."

Ta nema, aka ɗauke ta.

Tun da ɗaliban a warwatse suke a duniya, lokacin darasi kowa da yadda ya faɗo masa. Wani yanzu ya tashi daga barci, wata ta dawo daga aiki ke nan. Ita nata ya faɗo daidai hutun rana. Sai ta rataye wayarta a taga inda sabis ya fi ƙarfi, ta jawo intanet daga nan, ta shige ɗan ɗakin soso da kwamfutarta, don nan ne kawai ƙarar injin wanki ba ta isowa. Fuskoki su cika allon, kowa a ɗan gidansa. Akwai mai gwada kunnen masu haƙar ma'adinai. Akwai wata da ke bin tsibirai a kwale-kwale tana gwada jarirai. Akwai wani mai ƙiba da fara'a, wanda ba a taɓa gama darasi kyanwarsa ba ta ratsa gaban kyamara ba, shi Anti Kunne ta sa wa suna Mai Kyanwa. Malamarsu kuwa, Farfesa, tsohuwa ce mai gajeren farin gashi, ita kanta da na'ura a kunnuwanta biyu.

Watannin farko ba su yi mata daɗi ba. Suna ambaton na'urorin da ko a hoto ba ta taɓa gani ba, suna magana da sauri, ita kuma harshen karatun a takarda ta fi saninsa. Ta zama 'yar kallo a ajin. Rubutunta na farko da ya dawo daga hannun Farfesa, gyaran ya kusa fin rubutun yawa. Ta rufe kwamfutar, ta koma gida ta ce wa mijinta ita ta haƙura.

Yana wanke hannu bai ko ɗago ba ya ce, "Duk wanda na koya wa tuƙi, a makon farko sai ya ce mini mota ba ta sonsa. Ki bari zango ya ƙare tukuna. In har lokacin motar ba ta sonki, sai ki sauka."

Ba ta sauka ba, amma ba ta buɗe baki a aji ba.

Ana cikin haka wata safiya wani matashi ya shigo ofishinta da matarsa. Shi mai gyaran firij ne, ita tela ce. Tun kafin su gama zama ya fara bayani.

"Anti, ni ba rigima na kawo ba. Mun je wurin likitoci, kowa ya leƙa kunnenta ya ce ƙalau yake. Cokali in ya faɗi a kicin tana ɗaki za ta ji. A ƙwanƙwasa ƙofa, ita ke fara ji. Amma ni in yi mata magana, sai ta tsaya tana kallona. In maimaita, in maimaita, har in ɗaga murya. Dangina sun ce raini ne, wai ta ga ta fara samun na kanta. Ni kuma na rasa abin da zan ce musu."

Duk tsawon maganar nan matar bakinsa take kallo, ba idonsa ba. Anti Kunne ta lura da haka. Ta tashi ta kashe fanka, ta jawo kujerarta gaban matar.

"Ƙanwata, ke me kike ji?"

Matar ta ce, "Ina jin muryarsa, Anti. Na san shi ne ke magana. Amma kalmomin a cakuɗe suke zuwa, kamar rediyon da bai kama tasha ba. In keken ɗinki yana aiki, ko yara na wasa, shi ke nan. Mace ta ce dogon hannu, in ɗinka mata gajere. Da yawa sun daina kawo mini ɗinki. Sun ce ba na sauraron mutane."

Anti Kunne ta shigar da ita ɗakin soso. Sautukan da ta kunna mata, kusan duka ta ji, har ƙananan. Ta sa mata wata 'yar na'ura da ke nuna ko can cikin kunne yana aiki, ta nuna lafiya lau. Sannan ta kare bakinta da takarda, ta riƙa faɗin kalmomi tana cewa ta maimaita. A nan ne abin ya fito. Ta ce riga, matar ta ce rana. Ta ce taga, matar ta yi shiru. Can sai hawaye.

"Kin gani ko, Anti? Haka ake yi. Sai a ce da gangan nake."

Littattafan Anti Kunne ba su ce komai a kan irin wannan ba sai 'yan layuka. Ta ce wa ma'auratan tana da malama da abokan karatu, in sun yarda za ta kai musu maganar, ba suna, ba hoto. Mai firij ya ce ko duniya za ta kai wa ta kai.

A darasi na gaba, da Farfesa ta tambaya ko akwai mai wani abu daga wurin aikinsa, Anti Kunne ta danna alamar ɗaga hannu. Ta fara magana. Tana tsakiyar bayani sabis ya ɗauke, fuskokin suka daskare. Ta fita da sauri ta gyara wa wayar zama a taga, ta dawo tana cewa a ranta sun wuce wurin. Da allon ya dawo, duk suna nan shiru.

Farfesa ta ce, "Muna jiranki. Kin tsaya a inda kika kare bakinki da takarda."

Ta ƙarasa. Farfesa ba ta ba ta amsa ba, tambaya ta mayar mata. "Ke kika gan ta, ba mu ba. Me kike zargi?"

"Cikin kunnen lafiya yake. Hankalinta ma lafiya, don in ta ga baki tana ganewa. Ina ganin matsalar a hanya take, a jijiyar da ke kai saƙo."

"Me zai tabbatar miki?"

Anti Kunne ta san gwajin. Ana manna siraran wayoyin lantarki a goshi da bayan kunne, a ga yadda jijiyar ke amsa sauti. Ta ce asibitinsu ba shi da na'urar, sai asibitin yara da ke ɗaya gefen garin, su ma jarirai kawai suke gwadawa da ita.

Mai Kyanwa ya matso kusa da kyamara. "Wace iri ce?" Ta kwatanta masa. Ya yi dariya ya ce, "Da irinta na fara aiki. Tana gwada manya, gyara mata saiti kawai za a yi. Ki nemi izini, ki gaya mini ranar, zan zauna da ke a waya."

Neman izinin ya ci makonni, amma an bayar. Ranar hutun ƙarshen mako da hantsi suka haɗu a asibitin yara. Gadon gwajin na yara ne, sai da aka sa wa telar kujera ta ɗora ƙafafu. Bangon cike da zanen giwaye da agwagi. Ma'aikaciyar wurin, wata matashiya, ta tsaya tana kallo don ita ma ba ta taɓa ganin an gwada babba ba. Anti Kunne ta jingina wayarta da kwalbar auduga. Mai Kyanwa yana ciki da kofin shayi, can wurinsu gari bai daɗe da wayewa ba. Shi yana faɗa, Anti Kunne tana dannawa.

Da a ce jijiyar lafiya take, layin da ke allo zai tashi tudu-tudu a jere, kowane a wurinsa. Na telar bai tashi ba, sai birkice-birkice. Suka sake, suka canza kunne, suka sake. Haka dai.

Mai Kyanwa ya ce, "Abin da kika faɗa a aji ne. Sai ki je ki gaya musu. Wannan ɓangaren kin fi ni iyawa."

Ta zaunar da telar da mijinta a wani ɗaki mara hayaniya, ta fuskanci matar, ta yi magana a hankali.

"Kin san igiya mai zare da yawa? Haka jijiyar ji take. Kowane zare yana ɗauke da ɗan guntun magana, kuma dole su isa tare. Naki wani yana riga wani, sai maganar ta isa a wargaje. Ƙarar cokali ba ta bukatar tsari, ko yaya ta iso kin ji ta. Magana kuwa sai da tsari."

Telar ta ce, "Ke nan ba ƙarya nake yi ba."

"Ba ƙarya kike yi ba. Kuma ba raini ba ne. Ciwo ne, yana da suna, ba ke kaɗai ke da shi a duniya ba."

Mai firij ya ce, "Za ta warke, Anti?"

"Ba zan yi maka alkawarin abin da ban da shi ba, Malam. Babu ƙwayar da za ta sha ya tafi. Zan tura ku wurin likitan jijiya ya duba sauran jikinta. Amma akwai abin da za a yi, kuma yawancinsa a hannunka yake. Ɗaga murya ƙara dagula mata yake yi. Ka kira hankalinta tukuna, ka bari ta ga fuskarka, ka kashe abin da ke ƙara, ka yi magana kamar yadda nake yi yanzu."

Ya juya kujerarsa ya fuskanci matarsa. Ya yi gyaran murya. "Yau zan je wurin su Umma in gaya musu da bakina. Ki yi haƙuri."

Ta ce, "Me ka ce?"

Ya waiwayo wurin Anti Kunne a ruɗe. Matar ta yi murmushi karo na farko tun da suka fara zuwa. "Na ji. So nake ka maimaita."

Daga baya Anti Kunne ta samo mata wata 'yar na'ura mai kashi biyu: ƙaramin makirfo da ake maƙala wa mai magana a wuyan riga, da abin sawa a kunne wanda ke kawo muryar kai tsaye ba tare da hayaniyar ɗaki ba. Ba ta mayar mata da jinta yadda yake da ba, amma ta rage mata wahala. A shagonta ta riƙa tsayar da keke in mai ɗinki ta shigo, ta maƙala mata makirfon, ta zana rigar a gabanta kafin ta sa almakashi. Wasu suka dawo, wasu ba su dawo ba.

Da Anti Kunne ta kai rahoto aji, Farfesa ta yi mata wata tambayar. "Kalmomin da kika gwada ta da su, daga ina kika samo su?"

"Daga kaina. Waɗanda ke littafi na wani harshe ne, mutanenmu ba su san su ba."

"To wanda ke wani asibitin a ƙasarku, da me yake gwadawa?"

"In ma yana gwadawa, daga kansa."

"Kina ta cewa ba ki da abin da za ki yi bincike a kai. Ga shi nan."

Haka binciken digirinta ya samu: ta tsara gwajin jin magana cikin hayaniya da harshen gida, wanda kowane ma'aikaci zai iya kunnawa ko da daga waya. Aikin ya fi yadda ta zata wuya. Sai an zaɓi kalmomin da yaro da tsoho, na birni da na ƙauye, duk suka sani. Sai an gwada su a kan masu lafiyayyen kunne, a cire wadda ta cika sauƙi da wadda ta cika wuya. Farfesa ta ci gaba da dawo mata da rubutu cike da gyara, sai dai yanzu ta daina jin abin kamar faɗa. Matar nan mai kwale-kwale ta ce ita ma za ta yi wa mutanen tsibiranta irinsa, suka riƙa musayar abin da ya yi da abin da bai yi ba.

Da aka zo ɗaukar murya, ana bukatar ta mace da ta namiji. Ta macen matashiyar asibitin yara ta bayar. Ta namijin kuwa, Anti Kunne ta kawo mijinta ta zaunar a ɗakin soso. Ya gyara hula, ya kumbura ƙirji, ya faɗi kalmar farko kamar mai karanta labaran duniya.

Ta buɗe ƙofa ta ce, "Baban yara, ba gidan rediyo ba ne. Ka faɗa kamar kana tambayata ina makullin mota."

"Ai in haka ne da faɗa zan faɗa."

Sai da suka yi zuwa da yawa kafin muryar ta zauna. Hayaniyar da aka sa a bayan kalmomin kuwa, shi ya ɗauko mata a tashar mota, yana ta alfahari wai ba wanda ya kai shi sanin inda surutu yake.

Shekaru suka ɗan tafi. Ta kare bincikenta a gaban malamai ta allon kwamfuta, suka yi mata tambayoyi har ta yi gumi, suka ce ta fita, suka ce ta dawo, suka taya ta murna. Gwajin ya fara shiga hannun matasan ma'aikata a wasu garuruwa, su ke kiranta yanzu in abu ya shige musu duhu.

Bayan haka da 'yan watanni telar ta zo ofis, ba ranar ganinta ba ce. Tana riƙe da hannun wata doguwar tsohuwa mai tsuke fuska.

"Anti, Gwaggona ce, yayar babana. Tun muna yara ake ce mana kar mu dame ta, girman kai gare ta, ba ta amsa gaisuwa. Rannan na zauna ina kallonta, sai na ga bakina take kallo."

Anti Kunne ta rusuna ta gaishe ta, fuska da fuska. Tsohuwar ta amsa sarai. Aka shiga ɗakin soso. Sautuka ta ji da dama. Da aka kunna kalmomin cikin hayaniyar tasha, ba ta kama ko kaɗan ba. Gwajin wayoyi da aka yi daga baya ya nuna abin da ya nuna a kan 'yar ƙaninta.

Ranar da aka yi mata bayani, Gwaggo ta saurara har ƙarshe ba ta katse ba. Sannan ta ce, "'Yar nan, tun ina da ƙuruciyata nake gaya musu. Da na ga ba mai yarda, sai na kama bakina. In ka yi shiru a ce girman kai, in ka amsa ba daidai ba a yi dariya. Na zaɓi girman kan."

"Yanzu sai a gaya musu, Gwaggo."

"Waɗanda suka rage dai." Ta ɗauki ɗan makirfon da aka ajiye a gabanta, ta jujjuya shi a tafin hannu. "Wannan kowa ake maƙala wa?"

"Duk wanda kike son jin maganarsa."

Telar ta matso. "Ki fara da ni, Gwaggo."

"Ke ai na iya karanta bakinki. Akwai jikata da ta fara magana, kowa a gidan sai dariya yake, wai bakinta ba ya hutawa. Ita ba ta tsayawa wuri ɗaya balle in ga bakin. Ita zan sa wa."

Anti Kunne ta ce, "Ba lalle ki kama duka ba, Gwaggo. Maganar yara da wuya take, ko ga mai lafiyayyen kunne."

"Ko rabi ne ina so," in ji tsohuwar. Ta miƙa mata makirfon. "Nuna mini inda ake kunnawa."